Rashin narkar da sukarin madara da alajin madara: tambayoyi da amsoshi

Mutum biyu za su sha madara, kowannensu ya ce “madara ba ta karɓe ni ba”, alhali hanyar jirgi daban, ta mota daban. Ɗaya hanjinsa ne ya kasa narkar da sukarin da ke cikinta, ɗayan kuma garkuwar jikinsa ce ke yaƙi da furotin ɗinta. Rikita su na jawo ɓarna ta fuska biyu: wani ya haramta wa kansa abincin da zai iya ci lafiya lau, wani kuma a ba shi abin da zai iya kai shi ga halaka. An jera tambayoyin daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, da lambobi don a iya komawa daga wata zuwa wata.

1. A taƙaice, mene ne bambancin?

Madara ta ƙunshi ruwa da kitse da sukari da furotin. Sukarinta shi ake kira laktos. Mai rashin narkar da laktos, ƙaramin hanjinsa ne ba ya samar da isasshen laktes, wato sinadarin da ke farfasa wannan sukari. Sunayen biyu sun yi kama, saboda haka a riƙe: laktos shi ne sukarin, laktes shi ne mai narkar da shi. Matsalar ta narkewar abinci ce, kuma gwargwadon abin da aka sha gwargwadon wahalar. Tana da takura, amma ba ta lalata hanji, ba ta kuma taɓa numfashi.

Alajin madara kuwa garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin maƙiyi, ta far masa. Ga wanda nasa ya yi tsanani, ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa ya tayar da shi, kuma abin na iya wuce ciki ya taɓa fata da maƙogwaro da huhu da bugun jini. Wannan shi ne mai iya kisa cikin mintuna.

2. Me ke faruwa a cikin ciki idan laktes ya yi kaɗan?

Laktos sukari biyu ne a haɗe, gulukos da galaktos. Hanji ba ya iya tsotse su sai an raba su, kuma laktes da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji ne ke wannan aiki. Idan bai wadata ba, sauran sukarin zai gangara babban hanji yadda yake. A hanya yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, wanda shi ne asalin gudawar. Da ya isa, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune can sai su cinye shi, su fitar da iskar haidurojin da kabon-dayoksaid, wani lokaci da mitan, tare da wasu sinadarai masu tsami.

Daga nan ne kumburin ciki da ƙugi da murɗawa da yawan tusa suke fitowa, galibi tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan sha, ko da yake yakan ɗan wuce haka. Kofi ɗaya na madarar shanu, mililita 250, yana da laktos kimanin giram 12.

3. Ina yaro na sha madara lafiya, me ya sa yanzu take ɓata mini ciki?

Saboda haka halittar yawancin mutane take. Kusan kowane jariri ana haihuwarsa da laktes mai yawa, domin nonon uwa ma ya fi madarar shanu laktos, kimanin giram 7 a kowace mililita 100. Bayan yaye sai samar da shi ya riƙa raguwa sannu a hankali, alamun kuma ba su cika bayyana ba sai yaro ya tasa, ko ma sai ya zama babba. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya ba sa narkar da laktos sosai. Ba kowa a cikinsu ne ke jin ciwo ba. Sai wanda alamu suka bayyana gare shi ake cewa yana da matsalar.

Waɗanda laktes ɗinsu ke ɗorewa har tsufa gado suka yi. A 2002 masu bincike a Finlan suka gano canjin ƙwayar halittar da ke sa haka a jikin mutanen arewacin Turai, daga baya aka gano wasu canje-canjen daban a tsakanin al'ummomin makiyaya na Afirka da Gabas ta Tsakiya. A gabashin Asiya kuwa mafi yawan manya ba su da wannan gado.

Akwai kuma nau'i na wucin gadi. Tun da laktes a fatar bangon hanji yake, duk abin da ya goge wannan bango yakan tafi da shi: gudawa mai tsanani irin ta ƙwayar rota, ƙwayar giyadiya, cutar siliyak da cin alkama ke tayarwa, cutar kumburin hanji ta Kuron. Idan aka magance asalin ciwon, laktes yakan dawo. Bayan gudawa ta yau da kullum makonni kaɗan sun isa.

4. Shi kuma alajin, wane ɓangaren madara ne ke tayar da shi?

Furotin ɗin madarar shanu gida biyu ne. Kimanin kashi 80 cikin 100 kesin ne, wato farin da ke dunƙulewa idan madara ta tsinke. Sauran kashi 20 ɗin suna cikin tsararon ruwan da ke warewa, kuma a cikinsu akwai beta-laktogulobulin, wanda babu shi a nonon ɗan'adam. Mutum na iya yin alaji da ɗaya ko da dukansu.

Alajin iri biyu ne, kuma sanin wanne ne yana canza komai a wajen gwaji da kulawa. Na farko mai gaggawa ne: jiki ya riga ya ƙera wasu sojojin garkuwa da ake kira IgE, da zarar furotin ya shigo sai su sa a saki histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Alamu kan bayyana cikin mintuna, ba su cika wuce awa 2 ba. Na biyu mai jinkiri ne, ba ya bi ta IgE, kuma yana ɗaukar awanni zuwa kwana uku. Shi ya fi nunawa a ciki da fata: amai, gudawa ko taurin bayan gida, zaren jini da majina a kashin jariri, ƙurajen ekzima masu bushewa da ƙaiƙayi. Akwai wani nau'insa mai tsanani inda yaro ke ta sheƙa amai awa 1 zuwa 4 bayan sha, ya yi fari fat, ya yi laushi. Wannan na asibiti ne nan take.

Ciwon ya fi yawa a jarirai. Ana yawan ambaton 2 zuwa 3 cikin 100, amma babban binciken EuroPrevall da aka yi a Turai, wanda ya tabbatar da kowane yaro ta hanyar ba shi madara a gaban likita, ya samu ƙasa da 1 cikin 100.

5. Daga alamomi kaɗai zan iya gane wanne nake da shi?

Sau da yawa ana samun haske. Duk alamar da ta fita wajen ciki ba ta laktos ba ce. Jiki ya yi rudu-rudu da borin jini, leɓe ko fatar ido su kumbura, baki ya yi ƙaiƙayi, murya ta dishe, tari ya sarƙe, numfashi ya riƙa fito, jiri ko suma: waɗannan na alaji ne. Jini a bayan gida ma laktos ba ya kawo shi. Sannan a lura da yawa. Wanda ke shan shayi da ɗan madara ba ya jin komai, sai ya sha cikakken kofi cikinsa ya ɗauki ƙugi, ya fi kama da mai matsalar laktos. Shekaru ma suna magana: alaji ya fi farawa a shekarar farko ta rayuwa, raguwar laktes ta gado kuwa da wuya ta nuna kafin shekara 2 zuwa 3, ta fi bayyana daga baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne alaji mai jinkiri, domin gudawarsa da ciwon cikinsa sun yi kama da na laktos ƙwarai. Haka ma ciwon hanji mai yawan motsi da cutar siliyak. Idan akwai rama, ko ƙarancin jini, ko gudawar da ke tayar da mutum daga barci, ko zazzaɓi, kada a tsaya ɗora wa madara laifi, a nemi likita ya bincika.

6. Jaririna yana yawan kuka da gudawa, an ce mini laktos ne. Haka ne?

Da wuya. Jaririn da aka haifa kan lokaci yana da laktes a wadace. Rashinsa tun daga haihuwa cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, an fi samunta a Finlan, kuma ba ta ɓuya: gudawa ce kamar ruwa tun daga shan nono na farko, mai saurin ƙarar da ruwan jiki. Bakwaini na iya samun ƙarancin laktes na ɗan lokaci, domin sai a ƙarshen goyon ciki yake cika. Wanda aka fi gani a jarirai shi ne na bayan gudawa da aka yi bayani a tambaya ta 3, inda kashi ke fita da kumfa da tsami har ya ƙona wa yaro mazaunai, kuma yana wucewa.

Idan jariri yana da ekzima mai yawa, ko zaren jini a kunzugu, ko ya ƙi ƙiba, ko alamun sun fara ne daidai lokacin da aka soma ba shi madarar gwangwani, alajin furotin ya kamata a fara tunani. Akwai kuma cuta ta uku, galaktosimiya, inda jiki ke kasa sarrafa galaktos bayan an tsotse shi. Takan bayyana a kwanakin farko da amai da shawara da ƙin shan nono. Ta gaggawa ce, kuma tana cikin 'yan dalilai ƙalilan da ke sa a dakatar da shayarwa.

7. Yaya ake gwada rashin narkar da laktos?

Gwajin da aka fi dogara da shi na numfashi ne. Mutum zai kwana bai ci komai ba awa 8 zuwa 12. Da safe ya hura iska cikin na'ura a ɗauki ma'aunin farko, sannan ya sha ruwan da aka narkar da laktos a ciki, yawanci giram 25, ya riƙa hurawa duk bayan minti 30 har awa 3. Jikin mutum ba ya ƙera haidurojin, bakteriyar hanji ce kaɗai ke yi, don haka idan ta ƙaru da ma'auni 20 cikin miliyan a kan na farko, alama ce sukarin ya isa babban hanji bai narke ba. Abubuwan da ke ɓata sakamako: shan maganin kashe bakteriya a makonni 4 da suka gabata, shan taba ko motsa jiki gab da gwajin, da kasancewar bakteriyar wasu mutane mitan take fitarwa maimakon haidurojin.

A gida ana iya yin gwaji mai sauƙi, da sharaɗin ba a taɓa ganin ko ɗaya daga cikin alamun alaji na tambaya ta 5 ba. A bar madara da kayanta mako 2, a rubuta yadda ciki yake kullum. Daga nan a sha kofi ɗaya da safe, a lura. Matakin dawowa da ita ɗin shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin gwajin. In ba a yi shi ba, ba a san ko daina madarar ce ta kawo sauƙin ko wani abu ne daban ba.

8. Alajin fa, yaya ake tabbatar da shi?

Ana farawa da labari: me aka ci, nawa, bayan minti nawa abin ya fara, me aka gani. Ga mai gaggawa akwai gwajin fata. Ma'aikaci zai ɗiga ruwan furotin a cikin hannu, ya ɗan tsikari fatar ta cikin ɗigon da tsinke, a jira minti 15. Idan wurin ya tashi kamar cizon sauro, faɗinsa ya fi na ɗigon ruwan gishirin da aka sa a gefe da milimita 3 ko fiye, gwajin ya nuna. Dole a daina shan maganin antihistamin kwanaki kafin nan, in ba haka ba fatar ba za ta amsa ba. Ana kuma auna IgE na madara a jini. Sai dai gwaje-gwajen nan biyu suna iya nunawa a jikin yaron da ke shan madara lafiya, saboda haka ba a hana yaro madara don takardar sakamako kawai. Mai raba gardama shi ne a ba shi madara kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, a asibiti, da allurar gaggawa ta adirenalin a kusa.

Alaji mai jinkiri ba ya fitowa a fata ko a jini. Hanyarsa ita ce a cire furotin ɗin madara gaba ɗaya mako 2 zuwa 4, in alamu sun lafa a dawo da shi a ga ko za su dawo. Gwajin IgG na abinci (wasu sojojin garkuwa ne daban da IgE) da ake tallatawa, da na gashi, ba sa gano ko ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu; ƙungiyoyin likitocin alaji sun yi gargaɗi a kansu, kuma abin da suke jawowa shi ne a hana mutum abinci barkatai.

9. Idan laktos ne matsalata, dole in bar madara kwata-kwata?

A'a, kuma barinta gaba ɗaya ba shi ne mafi alheri ba. Taron ƙwararru da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka shirya a 2010 ya kammala da cewa yawancin masu matsalar suna iya ɗaukar giram 12 na laktos a zama ɗaya ba tare da wata damuwa ta a zo a gani ba, wato kusan kofi guda, kuma fiye da haka idan an rarraba shi cikin yini.

A fara da rubu'in kofi, mililita 60, tare da abinci, a yi kwana uku ko huɗu a haka, sannan a ƙara zuwa rabi. Abinci a ciki yana rage saurin gangarawar madarar, ya ba ɗan laktes ɗin da ya rage lokacin yin aiki. Shi ya sa madara a kan komai-a-ciki ta fi tayar da hankali. Shan kaɗan a kai a kai ba ya dawo da laktes, amma bakteriyar babban hanji kan saba, alamun su ragu ga mutane da dama.

10. Yogot da cuku da man shanu fa?

Ga mai matsalar laktos, nan akwai sauƙi sosai. Wajen yin cuku, yawancin laktos yana bin ruwan da aka tace, ragowar kuma bakteriya ta cinye shi yayin da cukun ke tsufa, don haka masu tauri irin su Cheddar da Parmesan kusan babu laktos a cikinsu. Cuku ɗanye mai laushi ya fi riƙe shi. Man shanu kusan duk kitse ne, laktos ɗinsa bai kai giram 1 a giram 100 ba. Yogot yana da sauran laktos, amma bakteriyar da ke cikinsa tana zuwa da nata sinadarin narkarwar, in dai da ranta. Wanda aka sake dafawa bayan ya yi tsami ya rasa wannan amfani. Masu nauyi su ne madarar gari, wadda idan marar kitse ce kusan rabin nauyinta laktos ne, da madara mai kauri ta gwangwani, da ais-kirim.

Ga mai alaji duk wannan lissafi bai shafe shi ba. Cuku ma furotin ne aka tattara wuri guda. Yogot, man shanu, har da man da aka narka aka tace, duk a kiyaye su.

11. Madarar da aka rubuta babu laktos a jikinta ta dace da mai alaji?

Ko kusa. Wannan ne kuskuren da ya fi kowane haɗari a duk maganar. Madarar shanu ce cikakkiya aka zuba wa laktes a masana'anta ya raba sukarin gida biyu, shi ya sa ma ta ɗan fi zaƙi. Kesin da sauran furotin suna nan yadda suke. Ta dace da mai matsalar laktos, amma ga mai alaji daidai take da kowace madara. Mai galaktosimiya ma ba ta yi masa ba, tun da galaktos ɗin na ciki. Haka madarar da ake kira A2: laktos ɗinta cikakke ne, kuma tana tayar da alaji.

12. Zan iya komawa madarar akuya ko ta tunkiya ko ta raƙumi?

Dukansu suna da laktos kusan daidai da ta shanu, giram 4 zuwa 5 a mililita 100, don haka canjin ba zai yi wa mai matsalar laktos wani abin kirki ba. Ta fuskar alaji, furotin ɗin akuya da tunkiya da ɓauna sun yi kama da na shanu matuƙa, kuma kusan 9 cikin 10 na yaran da ke da alajin madarar shanu suna yin sa da ta akuya. Madarar raƙumi ba ta da beta-laktogulobulin, kesin ɗinta ma ya ɗan bambanta, amma wannan bai isa a gwada ta a gida ba sai da sahalewar likitan alaji.

13. Tafasawa ko gasawa na kawar da matsalar?

Tafasa madara ba ta cire laktos, ba ta kuma isa ta sa mai alaji ya sha ba. Furotin na tsararon ruwa suna sauya siffa da zafi, amma kesin yana da juriya.

Gasawa mai tsawo a haɗe da fulawa wani abu ne daban. Wani bincike da aka yi a asibitin Mount Sinai na Niyok, aka wallafa a 2008, ya nuna kimanin kashi 75 cikin 100 na yaran da aka gwada masu alajin madara sun iya cin kek da makamantansa da aka gasa sosai da madara a ciki. A kan haka ne likitoci ke amfani da tsarin hawa mataki-mataki: biskit, sai kek ɗin da ya yi kamar minti 30 a zafin digiri 180, sai abin da aka dafa sama-sama, sai cuku da yogot, a ƙarshe madara tsura. Ragowar kashi 25 ɗin su ne masu alaji mafi tsanani, kuma ba a gane su da ido. Yaron da ya taɓa samun matsalar numfashi, ko yake da asma, a asibiti ake ba shi lomar farko.

14. Ƙwayar laktes tana aiki?

Tana yi wa mutane da yawa, idan an sha ta daidai. Ana shan ta tare da kurɓin farko ko lomar farko, domin dole ta gauraya da madarar a ciki. Wanda ya jira sai ciki ya fara ƙugi ya makara. Idan cin ya wuce minti 30 zuwa 45 a ƙara wata. Ƙarfinta ya bambanta, an fi samun mai awo 3,000 zuwa 9,000, kuma kowa sai ya gwada ya gano nasa. Akwai ta ɗigawa da ake zubawa a madara a ajiye a firji awa 24. Ba ta yi wa alaji komai.

15. Me zan yi idan wani ya sha madara numfashinsa ya fara sarƙewa?

Wannan shi ake kira anafilaksis. Alamunsa: kumburin harshe ko maƙogwaro, dishewar murya, wahalar haɗiya, numfashi mai fito, tari ba ƙaƙƙautawa, jiri, suma, ƙaramin yaro kuma ya yi fari ya saki jiki. Wani lokaci babu ko ƙurji ɗaya a fata, kada a tsaya jiransa. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya, ta gefen waje, a tsakiya. Wadda aka riga aka auna mai kama da alƙalami tana zuwa da miligiram 0.15 na ƙananan yara, da 0.3 na wanda ya kai kilo 25 zuwa 30 ko fiye. Ana iya soka ta ta saman tufafi, a danne na 'yan daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikinta. A asibiti ana auna miligiram 0.01 ga kowane kilo, kada ya wuce 0.5.

A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya fi masa wuya a kwance, ya zauna ƙafafu a miƙe. Kada a bar shi ya miƙe tsaye ko ya yi tafiya, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin jini na iya faɗuwa farat ɗaya. A nemi motar asibiti nan take. In minti 5 ya wuce babu sauƙi, a yi ta biyu, shi ya sa ake so a riƙa yawo da guda biyu. Ko ya warware sai an kai shi asibiti, saboda abin kan dawo bayan awanni.

Antihistamin yana rage ƙaiƙayi da borin jini ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jini. Jinkirin yin adirenalin na daga cikin manyan abubuwan da ake samu a tarihin waɗanda suka rasu ta wannan hanya, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai asmar da ba a shawo kanta ba.

16. Ina shayarwa, an ce jaririna yana da alajin madara. In yaye shi?

Kada ki yaye shi. Furotin ɗin shanu da ke ratsawa cikin nononki ɗan mitsitsi ne, yawancin jarirai ba sa jin sa. Idan alamun sun fito ne sai da aka ba shi madarar gwangwani, ki ci gaba da cin abincinki. Idan kuwa nono zalla yake sha kuma yana nuna alamu, likita zai iya cewa ki bar madara da kayanta mako 2 zuwa 4, tare da ƙarin kalsiyam da bitamin D, sannan ki dawo da su a gani. Laktos ɗin nononki kuwa jikinki ne ke ƙera shi, abin da kika ci ko kika bari ba ya rage shi.

Jaririn da ke buƙatar madarar gwangwani ana ba shi wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana-ƙanana, tana karɓar kimanin 9 cikin 10. Wanda ba ta karɓa ba, ko wanda nasa ya yi tsanani, sai a ba shi ta amino asid zalla, wato tubalan da ake gina furotin da su. Wadda aka farfasa sama-sama, mai alamar HA, ba ta magance alaji. Ta waken suya ba a so a ba wanda bai kai wata 6 ba, kuma wasu yaran suna yin alaji da ita ma. Ruwan shinkafa, na almon ko na ots da ake sayarwa a madadin madara ba abincin jariri ba ne, ba su da furotin da kitsen da zai girma da su.

17. Me zan duba a jikin kwali, kuma magunguna fa?

Jerin kayan haɗi, kowane lokaci, domin kamfani na iya canza haɗi bai canza kwali ba. Dokar Amurka ta 2004 da ta Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 sun wajabta bayyana madara ƙarara. Mai alaji ya nemi kalmomin nan yadda ake rubuta su: *milk*, *casein*, *caseinate*, *whey*, *lactalbumin*, *ghee*, ko da Faransanci *lait* da *lactosérum*. Madara na ɓuya a burodi, biskit, cakulan, majarin, tsiran nama na kwali da garin miya. Farin garin shayi mai rubutun *non-dairy* sau da yawa yana da kesin. Gargaɗin cewa ƙila akwai ɓurɓushin madara ya shafi mai alaji ne, mai matsalar laktos ba ruwansa da shi. A ɗakin girki ma haka: wuƙa ɗaya, cokali ɗaya, ko man suya ɗaya sun isa su kai furotin inda ba a so.

Ƙwayoyin magani da yawa ana cika su da laktos, amma abin da ke ƙwaya ɗaya bai kai giram guda ba, da wuya ya dami kowa, kada a daina shan magani saboda shi. Mai alaji mai tsanani ya sanar da likita da mai ba da magani, domin wasu magungunan asma na shaƙa masu gari ana haɗa su da laktos mai ɗauke da ɓurɓushin furotin.

18. Idan na rage ko na bar madara, ina zan samu kalsiyam?

Kofin madara yana ba da kimanin miligiram 300. A ma'aunin Amurka, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar 700 a rana, ɗan 4 zuwa 8 yana buƙatar 1,000, ɗan 9 zuwa 18 yana buƙatar 1,300, yawancin manya kuma 1,000. Mai matsalar laktos zai iya cike wannan da cuku mai tauri da yogot da madarar da aka cire wa laktos, kamar yadda ya zo a tambaya ta 10 da ta 11.

Mai alaji sai ya nema a wani wuri: madarar waken suya da aka ƙara wa kalsiyam, wadda galibi ke da miligiram 120 a mililita 100 kuma sai an girgiza ta domin yana kwanciya a ƙasa, kifin sadin da ake ci da ƙayarsa, riɗi, almon, burokoli. Alayyafo yana da kalsiyam, amma sinadarin okzalet da ke cikinsa yana riƙe mafi yawansa, kaɗan jiki ke samu. Yaron da aka cire wa madara a riƙa auna nauyinsa da tsawonsa, domin furotin da bitamin B12 da ayodin ma suna cikin abin da ya rasa.

19. Ana warkewa?

Raguwar laktes ta gado ba ta komawa, sai dai a iya zama da ita. Ta bayan ciwon hanji tana wucewa. Alajin madara kuwa yawancin yara suna rabuwa da shi: mai jinkiri galibi tsakanin shekara 1 zuwa 3, mai gaggawa yakan ɗauki lokaci fiye da haka, kuma wasu kaɗan suna girma da shi, musamman masu IgE mai yawa da waɗanda ko gasasshiyar madara ba sa iya ci. Saboda haka ake so likita ya sake duba yaron duk wata 6 zuwa 12, kada ya shekara biyar ana hana shi abin da jikinsa ya riga ya karɓa.

Ga waɗanda nasu ya ƙi tafiya, wasu cibiyoyi suna sabar wa jiki da madara ta hanyar ba da ɗigo-ɗigo ana ƙarawa cikin watanni, aikin da ke iya tayar da anafilaksis, don haka na ƙwararru ne kaɗai. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar omalizumab don rage tsananin alajin abinci idan an ci bisa kuskure, ga wanda ya kai shekara 1. Mai yin ta zai ci gaba da kiyaye madara, ya kuma ci gaba da riƙe adirenalin ɗinsa.